Lallen Inna da Likitocin Koriya

Bana azumi ya zo mana da sanyi. Mutum ya kai la'asar bai tuna da ruwa ba, har yayyafi muka samu a goman farko. Ni da nake sayar da mukayyif, na'urar sanyaya ɗaki, irin wannan azumin ba ya yi mini daɗi a kasuwa, amma jikina ya gode. Jiya da yamma 'yata Rukayya ta zo daga gidanta da ke unguwar Rusaifa, nan Makka, ta zauna a falo tana jiran magariba da waya a hannu. Ban ga abin da take kallo ba, ƙarar kawai na ji: ƙyit-ƙyit ɗin na'urar asibiti, da takun mutane suna gudu suna kiran juna.

Na ce, "Har yanzu likitocin Koriyan nan ba su gama karatu ba?"

Ta ce, "Abuya," wato Baba, "waɗannan wasu ne, sababbi."

Na ce to. Amma ƙarar ta riga ta mayar da ni wani azumin, sama da shekara goma baya, lokacin muna tsohon gidanmu na Hindawiyya kuma mahaifiyata, Inna, tana da rai.

A shekarun nan azumi a tsakiyar zafi yake faɗowa. Makka gari ne a cikin duwatsu, duwatsun su yini suna shan rana, in ta faɗi su fara amayar da ita. Sitiyarin mota ba ya taɓuwa sai da tawul. Ruwan famfo, ranar da ya ga dama ya zo, kamar an sauke shi daga murhu yake. Sau da yawa ma ba ya zuwa, sai mu da maƙwabta mu haɗu mu kira tankar ruwa, a tsaya a rana ana jan tiyo zuwa saman bene, baki a bushe, kowa yana jin ƙarar ruwan yana zuba ba damar kurɓa. Wuta kuma takan ɗauke da tsakar rana saboda nauyi ya yi wa layin yawa. In ta ɗauke, sai ka ji unguwa ta yi tsit, sannan kukan jarirai ya tashi daga kowane gida.

Kakar kasuwata ke nan. Da mukayyif ɗaya na fara sana'a, matacce, wanda na tsinta a gidan da ake rushewa, na gyara na sayar. A shekarar da nake ba da labari ina da shagona, ina sayen tsofaffi ina sayar da gyararru. Abu ɗaya sana'ar ta koya mini wanda bai taɓa ba ni kunya ba: in aka kawo maka tsohon kaya ka ga sabon fenti a gefe ɗaya, ɗaga wannan gefen. Tsatsar tana ƙasa.

Tsarin yininmu ba ya canjawa. Mu yi sahur da tuwo ko ful da tamis, wato dafaffen wake da gurasa, matata Hajara ta cika wa kowa kofi tana cewa a ƙara. Bayan asuba a ɗan kwanta. Hantsi in fita in kai kaya, in hau tsani in ɗaura wa wani mukayyif gumi yana shiga mini ido. Bayan azahar ba mai iya aiki, sai in dawo gida in kwanta a ƙasan falo. Matan da muke bene ɗaya da su kuwa a lokacin suke haɗuwa a ɗakin girkinmu, wata tana naɗe sambusa, wata tana niƙa waken ƙosai, Inna tana kan kujerarta tana dama kunun da ake kai wa masallacin unguwa. Ba ta yarda wani ya taɓa mata kunun nan. Da an yi la'asar kuma, sai a kunna talabijin.

Rukayya ce ta kawo mana likitocin Koriya gida. Tana shekarar ƙarshe a sakandare, Larabci ya fi Hausa zama a bakinta, wata tasha kuma tana nuna wasan kullum bayan la'asar, an juya shi zuwa Larabci. Labarin wasu abokai huɗu ne da suka gama karatun likita suka shiga shekarun horo a wani babban asibiti, manya suna yi musu tsawa, ba barci, ba cin abinci a zaune. Da farko Inna ta ce ɓata azumi ne. Ba a yi mako ba ta fi kowa sanin lokacinsa. Sunayensu ba su zauna mata ba, sai ta raɗa musu nata. Akwai Mai Tabarau, yaro mai sanyin hali da yake duba mara lafiya sau biyu. Akwai Gajeriya, yarinya mai kaifin baki da ba ta tsoron manya. Akwai Sarkin Barci, wanda ake tsinta a kowane lungu ya jingina da bango, sai Ɗan Gayu mai gyaran gashi. Babban likitan da ke kansu kuwa Zaki ta sa masa.

Wahalar kallon ita ce cin abincinsu. Kullum sai sun hau rufin asibitin sun buɗe kwanon taliya mai tururi suna zuƙa, mu kuma ga sauran sa'o'i kafin magariba.

Inna ta ce, "Ku ci, 'ya'yan nan. Ku dai ba a ɗora muku ba."

Rukayya, wadda take ce wa kakar tata Sitti, ta ce, "Sitti, ke ma haɗiyar yawu kike, na gan ki."

"Tafi can, mai kan ƙwarya. Ina azumi tun uwarki ba ta san hanyar makaranta ba."

Mai Tabarau yana son Gajeriya amma ya kasa faɗa. Sai ya ajiye mata madara a kan tebur ya gudu, ko ya karɓi aikin kwananta ya ce wai shi ba ya jin barci. Rukayya takan buga filo tana cewa ya yi magana mana. Inna kuwa a nan yaron ya shiga ranta. Ta ce, "Wannan ɗan mutunci ne. An yi masa tarbiyya. Yana da kunya."

Dole ta ce haka. Ni ne ɗanta na fari. Tun tana amarya ta baro ƙauyensu na ƙasar Kano, ta yi fiye da rabin rayuwarta a Makka, amma kunyar ɗan fari ba ta bar ko ƙwayarta a hanya ba. Ban taɓa jin sunana a bakinta ba. Mai Sanyi take ce mini, shi ma ba a fuskata ba. In tana son abu, sai ta gaya wa Hajara, ko Rukayya, ko bango: "A ce wa Mai Sanyi gas ya ƙare," ina zaune a gabanta. Ni ma in amsa wa bangon, "An ji." Ƙannena da ke Jidda suna zama su yi hira da ita har da dariya. Ni a gidana take, ni nake sayo mata maganin sukari, amma ko ciwon kai take ba ni za ta gaya wa ba. Rukayya tana ganin abin kamar wasa. Mu kuwa haka muka tashi, ban taɓa jin ya dame ni ba sai a wannan azumin.

Wajen tsakiyar wata aka kawo wani tsohon masunci asibitin nasu. Yana da sukari, ya taka wani abu a bakin ruwa bai ji ba, ya ɓoye wa 'ya'yansa har yatsan ya yi baƙi. Zaki ya ce a yanke ƙafar. Mai Tabarau, karo na farko a rayuwarsa, ya ɗaga murya ya roƙi a ba shi lokaci ya gwada magani. Ina kwance a ƙasa, ido a rufe, na ji Inna ta gyara zama.

Ta ce, "Ke, tambaye shi. In yatsan ya yi baƙi amma ba ya ciwo, ai da sauƙi ko?"

Rukayya ta yi dariya. "Sitti, talabijin ne, ba ya ji."

"Na sani. Cewa na yi, in zafin ƙasa ne kawai ya ƙona shi, ba ƙarfe ba, ai ba sai an kai ga wuƙa ba."

"Shi ai ƙugiya ya taka, ba zafin ƙasa ba."

"To. Na ɗauka zafin ƙasa ne."

Na buɗe ido. Na saba da mai saye da zai tsaya yana yabon wannan kaya alhali idonsa yana kan wancan. Ba a nuna zafin ƙasa a wasan nan ba ko sau ɗaya. Amma a farkon wata, ranar da ruwa ya yanke, Inna ta hau saman bene da tsakar rana don ta leƙa tanki, ta sauko tana faɗan an bar murfin a buɗe. Takalminta a bakin ƙofa na gan su ranar. Simintin saman benen nan a wannan lokacin, ƙwai ka fasa a kai zai soyu.

Na dubi ƙafarta ta ƙasan ido. Ta sha lalle baƙi ƙirin har idon sawu. Na tuna Hajara ta yi mata tsiya kwanakin baya, wai lallen Sallah tun wata bai raba ba, ta ce sanyi yake sa mata. Na dama ya fara koɗewa, ya koma ja. Na hagu kuwa sabo ne fil, an maimaita shi, an kuma cika shi a wajen yatsu. Sai sauran abubuwan suka biyo baya ɗaya bayan ɗaya. Ta daina zuwa tarawihi Harami, wai cunkoso. Sallah a zaune take yi, wai gwiwa. Turaren wuta kuma, da sai Juma'a take sawa, yanzu ɗakinta ba ya rabuwa da hayaƙi.

Bayan an sha ruwa na ja Hajara gefe na gaya mata. Ta shiga da man shafawa, wai za ta matsa mata ƙafa. Ba ta daɗe ba ta fito.

Ta ce, "Ta ja zane ta rufe. Wai tun yaushe suruka take duba ƙafar uwar miji. Amma Abu Rukayya, akwai wari a ƙarƙashin turaren nan. Jikinta kuma da zafi."

Na tura Rukayya, ta koro ta da carbi. Na kira ƙanwata a Jidda ta yi mata magana a waya, Inna ta ce lafiyarta ƙalau, wa ya ce ba ta da lafiya. Ni kuwa na tsaya a ƙofar ɗakinta na gaya wa labule cewa gobe akwai mota mai zuwa asibiti in wani yana so. Labule ya yi shiru. Can ta ce, ba da ni ba, "Mu dai ga abin da za su yi wa tsohon nan tukuna."

A nan na gane inda muke. Ba ta yarda da asibiti ba, ta ga maƙwabciyarmu da aka shiga da ita da ƙafa biyu aka fito da ita a keken guragu. Amma ta yarda da Mai Tabarau. In ya ceci ƙafar masunci, za ta je. In aka yanke, za ta ƙara lalle ta jira abin da Allah zai yi.

Washegari na rufe shago da wuri na zauna gaban talabijin kamar mai jiran hukunci. Ba a nuna masunci ba ko sau ɗaya. Ranar gaba ɗaya a kan Ɗan Gayu aka ƙare, wai ya gayyaci Gajeriya cin abinci, Mai Tabarau yana leƙensu ta taga, Sarkin Barci yana ba shi haƙuri. Ban taɓa jin haushin soyayyar wasu kamar ranar ba. Kashegari Alhamis aka nuna shi kaɗan, yana kwance, Mai Tabarau yana wanke masa ciwon yana duban agogo, sai aka ɗauke. Juma'a da Asabar kuma ba a nuna wasan. Sai Lahadi.

Ranar Alhamis ɗin Inna ba ta dama kunu ba. Ta ce Hajara ta dama. Matan bene suka dubi juna. Da magariba dabino ɗaya ta ci, ta sha ruwa, ta ture kwanon shurba, faten hatsin da ake buɗa baki da shi. Da sahur Hajara ta roƙe ta ta ajiye azumin, ta ce ita ba ta taɓa shan azumi a garin Manzo da garin Ɗaki ba, ba kuma za ta fara da tsufa ba. Leɓenta ya tsage, idonta ya faɗa. Na duba na ga ba za mu kai Lahadi a haka ba.

Da safiyar Juma'a na ce wa Rukayya, "Wasan nan, a ƙasarsu an gama shi?"

"Tuntuni. Yana intanet, da rubutun Larabci a ƙasa."

"Nemo mini na gaba."

A mota muka kalla, a ƙofar gida, inji a kunne saboda sanyi, Hajara a kujerar baya. Maganin Mai Tabarau bai ci ba. Zazzaɓi ya hau tsohon, aka gudu da shi ɗakin tiyata, aka yanke ƙafar daga ƙasan gwiwa. Zaki ya miƙa masa zaren ɗinki kawai ya ce ya rufe. Bayan nan yaron ya hau rufin asibiti ya cire tabarau yana kuka, Gajeriya ta zo ta zauna kusa da shi.

Rukayya ta kashe wayar. Ta ce, "Mu ce mata ya warke. Ni zan faɗa. In ce na gani, ya tashi yana tafiya."

Hajara ta ce, "Ƙaryar ceton rai ce. Allah ya gani."

Na shiga lissafi. Ƙaryar za ta kai ta asibiti yau, wannan gaskiya ne. Amma in muka je likita ya ce sai an taɓa ta da wuƙa fa? Za ta ce ba haka aka yi wa masunci ba, ta tashi ta nemi gida. In kuma ta kwana can, ranar Lahadi akwai talabijin a ɗakin marasa lafiya. Daga ranar ba ta ƙara yarda da bakin kowa a gidan nan, ga sukari kuma ba yau zai ƙare ba. Ban taɓa sayar wa ɗan unguwa kaya da ƙarya ba, ba don na fi kowa tsoron Allah ba, sai don gobe ma a nan zai same ni. Na ce wa Rukayya ta haɗa wayar da talabijin bayan an sauko Juma'a.

Wuta ta ɗauke muna dawowa daga masallaci. Muka zauna a falo cikin zafi kamar an rufe mu a tukunya, Hajara tana yi wa Inna fifita da murfin kwali, ni ina duban fanka. Sai gab da la'asar ta dawo. Rukayya ta ce, "Sitti, na samo miki na Lahadi tun yau." Aka kama Inna aka zaunar a kujerarta. Na lura ba ta taka ƙafar hagu sai da dunduniya.

Ta kalla tun daga farko har ƙarshe, Rukayya tana karanta mata rubutun. Da aka nuna tsohon a gado, bargo ya kwanta shafe a inda ƙafa take, Inna ta ja zanenta ta ƙara rufe tata. Ta ce a hankali, "Shi ke nan. Na gani."

Mai Tabarau yana kan rufi yana kuka. Na tashi zaune na fuskanci talabijin. Ban taɓa sa baki a wasan nan ba, duk suka juyo.

Na ce, "Kai Mai Tabarau, kukan me kake? Kai ka ɓoye ƙafar? Sai da kaya ya gama lalacewa aka kawo maka."

Inna ba ta dube ni ba. Talabijin ta duba ita ma.

Ta ce, "A gaya wa Mai Tabarau, wani tsohon ya fi so ya koma ga Ubangijinsa yadda aka halicce shi."

Na ce, "Likita, ka gaya wa tsohon, da ya zo da wuri yatsa za ka ɗauka ka bar masa ƙafa. Yau yatsa ne. Jibi gwiwa. Bayan nan ba ƙafar kake nema ba, shi kake nema. Abin nan ba ya sauka, hawa yake kullum."

"Yaron nan ma ai ya ce zai gwada. Ga inda gwajin ya kai."

"Ya gwada, bai yi ƙarya ba. Ni ma ba zan ce ba za a yanka komai ba. Cewa na yi wanda ya je yau yana da abin da zai yi ciniki da shi. Wanda ya jira, abin da aka ba shi zai karɓa." Na matsa kusa da talabijin. "Kuma likita, ka tambayi tsohon nan, 'ya'yansa da ya ɓoye wa, ya tambaye su ko sun gama da shi?"

Hajara ta sunkuyar da kai. A talabijin Gajeriya ta buɗe madara ta miƙa wa Mai Tabarau. Inna ta daɗe tana jan carbi.

Ta ce, "In mace ce za ta duba."

Na ce wa talabijin, "Za a nemi mace."

"Ba a taɓa komai sai an tambayi mai ƙafa."

"An yarda."

"Azumi kuma ba a karya shi."

"Wannan ba a hannun dillali yake ba. Na yau dai saura kaɗan, a kai shi. Na gobe, abin da likita ta ce."

Ta yi tsaki. Na san tsakin mai saye da ya ga ba sauran ragi. Ta juya ga Rukayya.

"Ke mai kan ƙwarya, ɗauko mini abayata. A ce wa Mai Sanyi ya kunna sanyin motar tukuna, ba zan shiga tanda ba."

Duk wanda ya san Makka ya san ba a fita da mota gab da magariba a azumi. Kowa gudu yake, kowa a fusace, motocin masu zuwa Harami sun toshe manyan hanyoyi. Na bi lunguna da na sani na kai kaya, ina duban madubi. Kan Inna ya kwanta a kafaɗar Hajara, tana magana ƙasa-ƙasa da mutanen ƙauyensu da suka daɗe da rasuwa. Hajara tana cewa, "Inna, kar ki yi barci. Inna, wa ya fi kyau, Ɗan Gayu ko Mai Tabarau?" Wani mai tasi ya tare hanya yana sayen subiya, abin shan buɗa baki, na sauka da kaina na ce masa mara lafiya gare ni, ya dubi fuskata ya ja motarsa.

A ɗakin gaggawa wata yarinya ce ta karɓe mu, likita mai neman ƙwarewa, 'yar ƙarama, idonta ja don rashin barci, aljihun farar rigarta ya kumbura da dabino. Ta tambaya tun yaushe, ta ji amsa, ta yi mana faɗa tas ba ta bar ko ni ba. Inna ta buɗe ido ta dube ta, ta taɓo Rukayya.

"Gajeriya ce."

Na fita bayan labule aka buɗe ƙafar. Warin ya biyo ni har can. Jim kaɗan likitar ta fito tana cire safar hannu.

Ta ce, "Ya ammi," wato baffa, "wa ya sa mata wannan lallen? Ni yanzu ban san inda lalle ya tsaya ba, ban san inda mataccen nama ya fara ba. Duk baƙi ne. Da ido ba zan iya ce maka yatsa ne ko ƙafa ba. Sai an yi hoto an ga inda jini yake kaiwa, sai kuma babban likitanmu ya zo."

Abin da Inna ta sa don ya ɓoye mana, ya ɓoye wa likita ma. Na tsaya a barandar nan ina jin ana kiran sallah daga kowane gefe, ban tuna ina azumi ba sai da yarinyar ta dawo ta sa mini dabino a hannu, ta ci nata a tsaye, ta shiga ta ba Inna ɗaya da kanta kafin ta ɗaura mata ruwa. Ban san iya zaman da muka yi ba. Na san dai na yi ta zagaye tsakanin ƙofar ɗakin hoto da taga, ina tuna maganata ta ɗazu. Na ce mata yau yatsa ne. In aka fito aka ce gwiwa, ni na kawo ta.

Babban likitan ya zo, ya duba hoton ya daɗe. Yarinyar ta tsaya a bayansa, hannu a baya, sak yadda suke tsayawa bayan Zaki. Ya ce jini yana kaiwa har tsakiyar tafin. Yatsu biyu sun tafi, sauran za a yi ƙoƙari. Ya ce da mun ƙara kwana biyu da wata maganar muke. Aka tambayi mai ƙafa kamar yadda aka yi alkawari. Ta dubi yarinyar ta ce, "Ke za ki yi?" Yarinyar ta ce da ita za a yi, amma babbanta ne zai riƙe wuƙa. Inna ta ce, "To ki tsaya kusa, ki sa masa ido."

Yatsu biyu aka cire. Sauran azumin a gadon asibiti ta yi shi, ba ta ɗauka ba, ta rama da sanyi tana mita. A waya suka ƙarasa wasan ita da Rukayya. A ƙarshe abokan huɗu suka gama horonsu, Sarkin Barci ma ya zama mutum, Mai Tabarau kuma ya tsaya gaban Gajeriya ya faɗa mata da bakinsa. Rukayya ta yi ihu har ma'aikaciya ta leƙo. Inna ta taɓe baki ta ce, "Ya ɓata rawarsa. Da ya aika."

Ta ƙara shekaru bayan nan, da ƙafarta take shiga Harami ta yi ɗawafi, a hankali, da takalmi mai laushi. Lalle kuwa a hannu kawai ta ci gaba da sawa.

Amma abin da ƙarar wayar Rukayya ta dawo mini da shi jiya ba ɗawafin ba ne. Wani yammaci ne a asibitin, ana jibi Sallah. Hajara ta koma gida girki, Rukayya ta sauka neman ruwa, talabijin ɗin ɗakin a kashe. Muka rage ni da Inna, ba wanda za a aika. Na zauna ina duban ƙasa, ita tana duban sama. Can ta ɗaga kai wajen mukayyif ɗin da ke jikin bango, ta daɗe tana kallonsa.

Ta ce masa, "Kai dai ba ka kai na gida ba. Na gida wanda ya ɗaura shi ya san aikinsa."

Na dubi mukayyif ɗin ni ma. Na ce masa, "An ji."